Gungumen Okume da Rumbun Bayanai: Zaɓi Tsakanin Manhajar Haɗa-da-kanka da Gina ta Gida a Ntoum, Gabon

Tsakure

Wannan takarda ta dubi wata shawara da ke gaban masana'antu da 'yan kasuwa a yau: ko su haɗa manhajar aikinsu da kayan intanet da ba sa bukatar rubuta umarnin kwamfuta, ko su ɗauki ƙwararru su gina musu tasu tun daga tushe. An ɗauki garin Ntoum da yankin masana'antu na Nkok a ƙasar Gabon a matsayin fagen nazari, domin a can sana'ar katako ta tilasta wa kowa riƙe bayanan da wani na waje zai zo ya bincika. Hujjar takardar ita ce kuɗin gini bai isa ya yanke hukunci ba. Abin da ya fi cancanta a duba shi ne wa zai nemi ganin bayanan, da abin da zai biyo baya ranar da suka ɓace ko aka same su da ƙarya.

Ntoum da abin da ke bi ta cikinta

Wanda ya bar Libreville ya miƙi babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, bayan kimanin kilomita 40 zai shiga Ntoum, hedikwatar gundumar Komo-Mondah a lardin Estuaire. Gari ne na aiki. An san shi da masana'antar siminti, kuma a nan kamfanin SEEG yake tace akasarin ruwan da mutanen babban birnin ke sha. Layin dogon Transgabonais yana ratsa shi a kan hanyarsa daga Franceville zuwa tashar jiragen ruwa ta Owendo. Kafin a kai garin, wajen alamar kilomita ta 27, akwai Nkok, yankin tattalin arziki na musamman mai faɗin sama da hekta 1,100, wanda gwamnatin Gabon ta kafa tare da kamfanin Olam a 2010, aka buɗe shi a 2011.

Dalilin kafuwar Nkok doka ɗaya ce. A 2010 Gabon ta hana fitar da ɗanyen gungume zuwa waje. Ƙasar da kurmi ya lulluɓe kusan kashi 88 cikin ɗari nata ta ce daga yau wanda ke son itacenta sai ya sarrafa shi a gida. Masu injinan yanka da fere, da yawansu daga Indiya da Sin, suka tare a Nkok, suna mayar da itacen okume fallaye na sirara da ake haɗa filawud da su. Tun daga lokacin tambayar da ke bin kowane gungume ta ƙara nauyi: daga wane daji ya fito, wa ya sare shi, da izinin wa?

Shekarar 2019 ta nuna abin da ke faruwa idan amsar tana kan takarda kawai. A farkon shekarar aka gano tarin itacen kevazingo a Owendo, itacen da aka haramta sarewa, an loda wani sashe a kwantenoni da takardun da ke cewa okume ne. Hukuma ta ƙwace su. Bayan 'yan makonni sai aka wayi gari kwantena 353 sun yi ɓatan dabo. A watan Mayu shugaba Ali Bongo ya sallami mataimakinsa, Pierre Claver Maganga Moussavou, da ministan gandun daji, Guy Bertrand Mapangou. A Nkok kuwa, tun Oktoba 2018 aka kafa ofishin Tracer, wanda kamfanin FRM na Faransa da ƙungiyar Brainforest ta Gabon suka ɗauki nauyin gudanarwa, aikinsa tantance asalin gumaguman da ke shiga yankin. Daga baya ma'aikatar ruwa da gandun daji ta haɗa kai da ƙungiyoyin EIA da Code4Nature suka gina tsarin bin sawun katako na ƙasa, SNTBG, wanda ake shigar da bayanai cikinsa ta wayar hannu.

Turai ma ta ƙara matsa lamba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2023/1115 ta ce katako, koko, kofi, manja, roba, waken suya da shanu ba za su shiga kasuwarta ba sai an nuna a taswira filin da suka fito, an kuma tabbatar ba a share daji a wurin ba bayan 31 ga Disamba 2020. Dole a adana bayanan shekara biyar. An ɗage ranar fara aiki da dokar fiye da sau ɗaya, amma mai saye a Turai bai jira ba, ya riga ya fara tambaya.

Abin da kayan haɗa-da-kanka suka iya

Kayan da ake magana a kansu sanannu ne: Airtable da Bubble, waɗanda aka kafa a 2012, Zapier mai haɗa wata manhaja da wata, Power Apps na Microsoft, Glide, da AppSheet da Google ya saya a Janairu 2020. Duk alƙawarinsu ɗaya ne. Akawu ko mai kula da sito zai zauna da yamma, ya jawo akwati nan ya ajiye maɓalli can, kafin ƙarshen mako yana da manhajar da ke aiki a wayar kowane ma'aikaci.

Alƙawarin gaskiya ne, kuma masu rubuta manhaja da ke raina shi ba su yi adalci ba. A masana'antar fere akwai ayyuka birjik da ba su cancanci albashin injiniya ba: rajistar masu zuwa aiki, jadawalin gyaran injuna, lissafin man dizal na manyan motoci, neman hutu, rahoton wanda ya ji rauni. Irin waɗannan ayyuka suna canja kama kusan kowane wata, kuma wanda ya fi kowa sanin yadda suke shi ne mai yin su. Idan shugaban leburori zai iya ƙara layi a fom da kansa ranar Litinin, ba sai ya jira wata uku wani a Libreville ya samu sarari ba, masana'anta ta ci riba. Haka abin yake ga Bahaushen da ke da shago a kasuwar Mont-Bouët ta Libreville, ko ɗan kasuwar Oyem da Bitam, inda Hausawa suka daɗe da zama, mai sauke kaya daga kan iyakar Kamaru. Littafin bashi da lissafin kayan sito ba sa bukatar injiniya. Wanda ya ba irin wannan mutum shawarar ya gina manhaja ta kansa, neman kuɗinsa yake yi.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Kamfanoni da yawa ba su san ainihin abin da suke so ba sai sun ga abu yana aiki. Wata shida da manhajar da aka haɗa cikin mako guda yana fito da kurakuran tsarin aiki fiye da tarurruka ashirin. Ko da daga baya za a gina ta gida, wannan gwaji mai arha ya riga ya rubuta wa maginan abin da ake bukata.

Inda gungume ke karya tsarin

Matsalar tana farawa ne idan aka ɗora wa kayan abin da ya fi ƙarfinsu, kuma gungumen okume misali ne mai kyau. A daji bishiya ɗaya ce mai lamba ɗaya. Ana sare ta a yanka gida biyu ko uku, kowane yanki ya samu tasa lambar. A tashar jirgin ƙasa yankunan na iya rabuwa, ɗaya ya tafi wannan masana'anta, ɗaya waccan. A Nkok injin fere ya mayar da yanki ɗaya ɗaruruwan fallaye, a busar da su, a ware su bisa kyau, a ɗaure su dami-dami tare da na wasu bishiyoyi. Kwantenar da za ta bar Owendo tana ɗauke da gutsattsarin bishiyoyi da dama daga dazuzzuka dabam-dabam. Mai bincike yana so ya ɗauki dami ɗaya ya koma baya har kututture, sannan ya auna ko yawan abin da ya fita ya yi daidai da abin da ya shiga bayan an cire asarar fere. Ta wannan giɓi ne haramtaccen itace ke shiga cikin halal.

Tun 1986 masanin kwamfuta Fred Brooks ya bambance wahala iri biyu a aikin manhaja: wadda kayan aiki ke jawowa, da wadda ke cikin ainihin matsalar. Kayan haɗa-da-kanka sun rage ta farko ƙwarai. Ta biyun ba su taɓa ta ba. Wani ne zai zauna ya yanke abin da ake nufi da "gungume ɗaya", da lokacin da lamba ke mutuwa a haifi sababbi, da wanda ke da ikon gyara awo bayan an shigar, da yadda za a gane cewa an gyara. Wannan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan lamarin. Rajistar da kowa zai iya goge layi a cikinta ba tare da barin sawu ba, ba shaida ba ce a gaban kwastan ko mai saye.

Sai batun iyaka. Bisa farashin da Airtable ya sanar a 2023, matakin Team yana cin dala 20 a kan kowane ma'aikaci a wata, kuma rumbu ɗaya ba ya wuce layi 50,000. A ɗauka masana'anta na karɓar gungume 100 a rana, kowanne yana haifar da layi biyar a rajista. Cikin kwana 100 na aiki rumbun ya cika, alhali doka na neman shekara biyar. Wanda ya ga kamar wannan ƙaramin abu ne ya tuna da Ingila a Oktoba 2020, lokacin da hukumar lafiyar jama'a ta rasa lissafin mutum 15,841 da suka kamu da korona, saboda an zuba sakamakon gwaji a tsohon nau'in fayil na Excel da ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Abin da ya wuce iyaka ya zube, ba wata ƙararrawa da ta kaɗa.

Intanet ma ba abin dogaro ba ne a inda aikin yake. A cikin kurmi babu sabis, kuma ba duk kayan ne ke iya aiki babu intanet su aika daga baya ba tare da bayanai sun ci karo ba. A birni ma an ga ranar da ta yanke. Ranar zaɓen 26 ga Agusta 2023 gwamnatin Gabon ta rufe intanet, ba a maido ba sai 30 ga wata, bayan sojoji ƙarƙashin Janar Brice Oligui Nguema sun karɓi mulki. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, ACE, MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga duhu. Mutanen Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato ba sa bukatar a ba su labari, sun ga rufe layukan waya na Satumba 2021. Masana'antar da ba za ta iya buga takardar lodi ba sai uwar garke da ke Amurka ta amsa, motocinta za su kwana a bakin ƙofa.

Kuma mai kayan yana iya tashi. Amazon, duk girmansa, ya buɗe nasa kayan haɗa-da-kanka mai suna Honeycode a Yuni 2020, ya rufe shi a ƙarshen Fabrairu 2024. Masu amfani sun iya kwashe teburan bayanansu, amma manhajojin da suka haɗa ba su da inda za a kai su. Abin ya yi kama da hayar shago a kasuwa: kayan ciki naka ne, amma kantocin da ka kafa da sunan da wurin ya yi suna nan a hannun mai gida ranar da ya ce a fita.

Kuɗin wata-wata kuma da dala ake biya. Ma'aikata 30 a kan dala 20 sun kama dala 7,200 a shekara. Ɗan kasuwar Gabon ko na Maraɗi yana da ɗan sauƙi, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957. Na Kano bai samu wannan ba. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a farkon 2024 ta haura 1,500. Hayar da take naira miliyan 3.3 ta koma kusan miliyan 11, ba a ƙara masa ko maɓalli ɗaya ba.

Gina ta gida ma tana da nata haƙoran

Jin waɗannan, mai kishin kansa zai ce to a gina a gida a huta. Hutun ba ya zuwa. Robert Glass, a littafinsa na 2002 kan gaskiya da ruɗu a aikin injiniyan manhaja, ya ƙiyasta cewa kulawa bayan an gama gini tana cin kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na duk abin da manhaja za ta ci a rayuwarta. Mai masana'anta yakan ga kuɗin gini a takardar yarjejeniya, ya manta da albashin wanda zai tashi da tsakar dare idan uwar garke ta tsaya, da sabunta tsaro, da gyaran da sabuwar doka za ta kawo.

Babban haɗarin shi ne mutum ɗaya. Ƙananan kamfanoni sukan ɗauki matashi ɗaya haziƙi ya rubuta komai, bai bar bayani a rubuce ba, ba wanda ya duba aikinsa. Bayan shekara biyu wani kamfani a Paris ko Dubai ya ba shi albashin da masana'antar fere ba za ta iya kusanta ba. Ya tafi, kuma yana da haƙƙin tafiya. Abin da ya bari sai ya zama akwatin da ba mai iya buɗewa. Wanda ya gudu daga dogaro da kamfanin waje ya faɗa dogaro da mutum guda, kuma na biyun ya fi saurin ɓacewa. Sababbin kayan ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta umarnin kwamfuta sun rage kuɗin rubutun farko sosai, sai dai har yanzu mutum ne zai karanta abin da suka rubuta ya ɗauki alhakinsa.

Jami'o'in Najeriya sun ga wani ɓangare na wannan. Ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta gina nata tsarin, UTAS, domin ya maye gurbin tsarin biyan albashi na IPPIS, batun yana cikin abubuwan da suka ja yajin aikin wata takwas a 2022. Gwamnati ba ta karɓi UTAS ba, duk da cewa a Disamba 2023 ta amince a cire jami'o'in daga IPPIS. Gina naka bai tabbatar da cewa ɗaya ɓangaren zai yarda da shi ba. A Nkok wannan yana nufin rajistar masana'anta, komai kyanta, sai ta yi magana da yaren da Tracer da SNTBG da mai saye ke ji.

Abin da Kano ta riga ta gwada

Misali mafi kusa da mafita yana cikin yaƙin shan inna a arewacin Najeriya. Masu aikin sun raba lamarin gida biyu. Fom na tattara bayanai, waɗanda ke canjawa daga zagaye zuwa zagaye, an yi amfani da ODK wajen haɗa su, manhajar da aka fara a Jami'ar Washington a 2008. Ma'aikacin lafiya na iya tsara tambayoyinsa a tebur irin na Excel, wayar ta cika su babu intanet, ta aika idan ta samu sabis. Amma tambayar da ta fi kowace tsada, wato ko masu allurar sun taka kowace ruga da kowane lungu, an gina mata tsari na musamman. Ana ba tawagogi wayoyi masu nuna wuri, da yamma a sauke sawunsu a ɗora kan taswirar tauraron ɗan'adam, a ga ƙauyen da aka tsallake. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 kuma take aiki a Kano, tana cikin waɗanda suka riƙe aikin. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

ODK da KoboToolbox da DHIS2 na Jami'ar Oslo, wanda Najeriya ke tattara bayanan asibitocinta da shi, sun nuna akwai hanya ta uku da muhawarar kan manta. Kaya ne da ake tsarawa ba tare da rubuta umarni mai yawa ba, amma tushensu a buɗe yake, kowa na iya ɗora su a kan kwamfutarsa. Ba mai gidan da zai ce a tashi. Kuɗinsu shi ne mutumin da ya iya kula da su.

Yadda rabon zai kasance a Nkok

Ra'ayin wannan takarda shi ne masana'antar katako a Nkok ta ja layi a daidai inda baƙo ke shigowa. Duk bayanin da kwastan, Tracer, mai ba da shaidar kula da daji ta FSC ko mai saye a Turai zai nemi gani, wato rajistar gumagumai da dami da kwantena, ya zauna a rumbun da kamfanin ya mallaka, a kan kwamfutar da ke cikin harabarsa, da kwafi a wani wuri, kuma ya kasance ba a goge layi sai dai a ƙara na gyara da sunan mai gyaran da lokacinsa. Aƙalla mutum biyu su san cikinsa. Sauran ayyukan cikin gida a bar wa ma'aikata su haɗa da kayan da suka ga dama, har ma allon da ake duba rajistar ta cikinsa ana iya haɗa shi haka, muddin rumbun da ke ƙasa na kamfani ne.

Sharaɗi ɗaya ya hau kan duk abin da aka haɗa a kayan haya: kowane wata wani ya sauke bayanan gaba ɗaya, ya buɗe su a wata kwamfuta dabam, ya tabbatar ana iya karanta su. Bayanan ma'aikata kuma, irin su albashi, lambar waya da rahoton asibiti, doka ta shiga cikinsu. Gabon tana da dokar kare bayanan mutane tun 2011, Nijar tun 2017, Najeriya ta sa hannu a tata a Yuni 2023, kuma dukkansu sun sa sharuɗɗa kan fitar da irin waɗannan bayanai zuwa wata ƙasa. Akawun da ya buɗe asusu kyauta ya zuba sunayen leburori 200 bai san ya fitar da su ba.

Wannan rabo yana bukatar wani irin ma'aikaci da makarantu ba su cika yayewa ba. Libreville tana da Cibiyar Nazarin Kwamfuta ta Afirka, IAI, wadda ƙasashe 11 suka kafa a 1971, Nijar na cikinsu, kuma tana da reshe a Yamai. Akwai École 241, da ke koya wa matasa rubuta manhaja cikin 'yan watanni. Masu iya rubutu suna ƙaruwa. Wanda ake nema a Nkok shi ne mai iya tsayawa a filin gumagumai da takalmin roba, ya bi mai awo da mai fenti da direban babbar mota kwana da kwanaki, ya dawo ya zana yadda lamba ɗaya ke zama ɗari. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi za su iya tura ɗalibansu irin wannan aiki a kasuwar Dawanau ta Kano, inda riɗi da zoɓo da citta ke fita waje, kuma masu sayensu a Turai da Asiya sun fara tambayar gonar da buhu ya fito.